Waƙar Ninke Zanen Gado

"...Lafiya lau na kwana, Maigida, sai yanzu da na ɗora ido a kanka."

"Madalla, Amarya. Ni ma tun safe gabana ke faɗuwa, ashe ke ce tafe. Ya ƙafa?"

"Ƙafar da ta yi jigilar uwarka, ta dawo ta yi taka? Tana nan daram. Turo min kujerar can."

"Ta masu kawo aiki ce."

"Na ga alama, ƙura har ta yi mata bargo. Bari in taimake ka in share ta da zanena."

Jikana ke nan, ɗan babbar 'yata. Gyaran waya yake yi a wani akurkin shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in ya miƙe tsaye sai kansa ya gaisa da siminti. Teburinsa cike yake da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai dogon wuya, ga 'yan mitsi-mitsin kusoshi da yake tsinta da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Ya tara gemu, ya ajiye mata da 'ya'ya, mutane na ce masa Injiniya. Ni kuwa na san shi tun yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa. Tun lokacin nake ce masa Maigida, da ya yi baki shi ma ya rama da Amarya, kuma har yau ba wanda ya saki wani.

"Idan wayarki ce kuma," in ji shi, bai ko ɗago kai ba, "na gaya miki lafiyarta ƙalau. Kunnenki ne ke son gyara, ni kuwa ba ni da kayan irin wannan tsohon yayin. An daina kawo su."

"Kunnen da ya ji ka kana yi wa matarka rantsuwa ba kai ka shanye madarar yara ba? Yana aiki. Waƙa na zo ka nemo min."

Ya ajiye hantsakin. "Waƙa?"

"Waƙa."

"Da waɗannan shekarun? Wa ya fara zuwa wurinki ban sani ba? Faɗa min sunansa in je in yi masa jaje."

"Kishi ne zai ƙarasa ka. Ba tawa ba ce, ta Ta Sama ce."

Ya san Ta Sama. Ita ce tsohuwar da ɗakinta ke saman nawa. Daga wata ƙasa mai nisa ɗanta ya kawo ta. Ba ta jin yarenmu, ni ma a nata ko zo in kashe ki ban sani ba. Amma shekara da shekaru ni da ita ke wanke zannuwan gadon wani ƙaramin masauki da ke ƙarshen layinmu. A saman bene muke shanya, a can muke ninkewa. Babban zanen gado kuwa ba ya ninkuwa a hannun mutum ɗaya. Kowace ta kama kunne biyu, a ja da baya har ya miƙe, a kaɗa shi sau biyu, a tako a haɗu a tsakiya, ɗaya ta miƙa wa ɗaya kunnuwan. In wata ta riga wata, zane ya sha ƙasa, wanki ya dawo sabo. Ranar da muka fara, zane guda muka yi ta kayarwa, ina zaginta da yarena, tana ramawa da nata. Can ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta soma wata waƙa a hankali tana nuna min da haɓa: nan a ja, nan a kaɗa, nan a tako. Daga ranar zane bai ƙara taɓa ƙasa ba.

"Ya jikin nata?" ya tambaya.

"Jiki ya warke, ita ce ba ta warke ba. Tun da ta zame a matakala ta karye a ƙugu aka yi mata aiki, likita ya ce ƙashi ya haɗe, saura ta taka. Ta ƙi. Mai gashin ƙashi ya zo ya yi lallashi har ya gaji, ta juya wa duniya baya tana kallon bango. Ɗan nata kuwa direban babbar mota ne, ba zai ajiye sitiyari ya zauna jinya ba. Ya ce in ba za ta iya kai kanta ko bayi ba, gobe da safe zai kai ta gidan da ake kula da tsofaffi a wani gari. Har ya fara ɗaure kaya."

"Subhanallahi. To waƙa me za ta yi a nan?"

"Ban taɓa ganin ta yi waƙar nan a zaune ba. In ta ji ta daga bakin mutanen ƙasarsu, da kiɗanta da komai, ƙafar za ta tuna ko mai ita ba ta so."

"Wato dai ba kya son rasa mai kama miki zane."

"Eh mana. Kai zan ɗauka? Kai da ko hularka ba ka iya ninkewa ba?"

"To, na ji. Sunan waƙar?"

"Ban sani ba."

"Wa ya yi ta?"

"Ban tambaya ba."

"Wane yare ne?"

"Nata."

"Ki tambayi ɗan mana."

"Na tare shi a matakala na rera masa."

"Sai ya ce me?"

"Ya dafe kai ya ce daga tafiya yake."

"Allah sarki, bawan Allah. Ga jinya, ga wannan. Amarya, kin shigo kasuwa, ba sunan kaya, ba launi, ba kamanni, kuma kina so a ƙunshe miki."

"Ba kai ne ka cika mana gida da baki ba, wai wayarka in an ɗan yi mata gunaguni sai ta nemo waƙa ko a bangon duniya take? Ko ita ma irin ƙaryar da ka saba ce?"

"Gaskiya ce. Amma don mutane aka yi ta."

"Danna, kafin in danna ka."

Ya danna, ya kara min wayar a baki. Na gyara murya na fara. Ban kai rabi ba sai ga mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo da guduma a hannu.

"Injiniya, lafiya? Na ji kamar ƙofa ta matse mage."

"Lafiya lau. Kakata ce ke gwajin sabon inji."

"Kai koma kan takalmanka," na ce masa. "Mutumin da bakinsa kullum cike da ƙusa, me ya sani a kan murya?"

Bai koma ba, ya ma gyara tsayuwa a bakin ƙofa. Wayar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan Maigida ya duba.

"Ta ce ba ta gane ba."

"Irin mai ita. Sake."

Na sake. Wannan karon ta kawo wani abu, ganguna na rugugi, ƙarti na ihu.

"Ita ce?"

"Wannan ai dambe ake yi."

"To shi ta ji a bakinki. Sake."

Na sake, na ƙara ƙarfi. Ya duba, ya girgiza kai.

"Ta ce a matsa daga kusa da janareto."

"Ina janareto a nan?"

"Abin da ni ma nake nema ke nan."

"Muryar nan da kake rainawa, da ita na tsayar da kakanka cak a tsakiyar titi, har mai keke ya kusa bi ta kansa."

"Tsoro ne ya kama shi. Shi ya sa marigayi ya kurmance da wuri. Hijira ya yi, Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Shi dai ya koma da gashinsa a kai. Kai kuwa dubi tsakar kanka, har fitilar nan na duba fuskarta a ciki."

"Tunanin yadda zan rabu da ke ne ya cinye shi. Wai ma me waƙar ke cewa? Ko wannan ma ba ki sani ba?"

"Wannan kam na sani. Kewar gida ce. Wata mata ce tsaye a bakin ruwa, jirgi na shirin tafiya da ita, uwarta na kiran ta daga nesa, ita kuwa ba halin juyawa."

"Ikon Allah. Wa ya fassara miki?"

"Sai an fassara? Akwai wurin da in ta zo muryarta kan karye, ta ɗauke kai ta kalli can bayan rufin gidaje. Ni ma a nan nake tuna tawa uwar. Sau nawa muna gama ninki kowace na share ido da bakin mayafi."

"Kuna yi wa mutane kuka a kan zanen gado."

"Ya fi abin da masu kwana a kai ke yi masa."

Mai gyaran takalmi ya ƙware da dariya, har sai da ya tofar da ƙusa. Ni kuwa ina kallon hannuwana a kan cinya, sai abin ya faɗo min.

"Ba laifin muryata ba ne. A zaune nake, hannuna ba komai. Ban taɓa yin ta haka ba. Tashi."

"In tashi ina?"

"Waje. Shagon nan naka ko atishawa ba ya ɗauka."

Na cire mayafina na warware shi a bakin shagon, na miƙa masa kunne biyu. Wayar kuwa na damƙa wa mai takalmi, na ce ya riƙe ta kusa da bakina tun da ya ƙi tafiya.

"Amarya, mutane na wucewa."

"Su wuce. Yau dai za su ga ka yi aiki. Ja da baya. A hankali! Ba akuya kake ja ba. Ɗaga hannu, kunnen hagu na jan ƙasa. Wai hannu ne wannan ko ludayi?"

"Ni da nake ɗaure abin da idonki ma ba ya gani..."

"Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin aikin naka. Yi shiru."

Da mayafin ya miƙe tsakaninmu sai waƙar ta zo da kanta, kamar yadda take zuwa a saman bene. Muka ja, muka kaɗa sau biyu, na tako, shi ma ya tako ba tare da na ce masa komai ba. Kafin in miƙa masa kunnuwan wayar ta yi ƙara.

"Ta samu!" in ji mai takalmi.

Maigida ya karɓa ya ƙura ido. Na ga ya cije leɓe. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Sai ya sulale ya zauna a kan dakalin shagon, ya kifa kai a gwiwa.

"Mene ne?"

"Amarya, ki fara zama."

"Nuna min, ɗan banza."

Ya nuna min. Tsohon hoto ne fari da baƙi, yana ɗan rawa. Waƙar ce, ba ko shakka, sai dai da gudu ake yin ta, da ƙaho da ganga, kamar an biyo ɓarawo. Wata mata ce ke zagaya kicin da silifa a hannu. Abin da take bi kuwa wani ƙato ne an sa masa rigar kyankyaso, da dogayen gashin baki biyu suna lilo. Daidai inda muke ja da baya, yana sanɗa bayan tukunya. Daidai inda muke kaɗa zane, ta kai masa duka, tas, tas, ta kuskure. Daidai inda muryar Ta Sama ke karyewa, wurin da nake tuna uwata, sai matar ta ɗauko gwangwani ta fesa masa, ya faɗi rigingine, ƙafafu sama, yana shure-shure.

"Tallar maganin kyankyaso ce!" Da ƙyar maganar ke fita. "Ga bakin ruwan! Ga jirgin! Ga uwar can tana kira da silifa!"

"Ƙarya wayarka ke yi."

"Da kunnen da kika ce yana aiki kika ji. Wayyo cikina. Shekara da shekaru kina zubar wa kyankyaso hawaye! Ranar da na faɗo daga kan katanga na karye a hannu, ko ɗigo ba ki yi min ba."

"Shi ya fi ka daraja. Shi ko a talabijin an nuna shi."

"In kin mutu da ita za mu riƙa tuna ki."

"Ka fara kai shekaruna tukuna, da wannan ƙirjin naka kamar allon guga."

Bakina na ramawa, amma fuskata zafi take yi. Na karɓi mayafina na yafa, na koma kan kujera. Mai takalmi ya ga yanayina ya sulale. Maigida ya share ido, ya tsuguna a gabana, dariyar ta tafi.

"To yanzu fa? Wannan za ki kai wa marar lafiya?"

Na ce ya sake kunna min. Na kalla har ƙaton ya sake faɗuwa.

"Ni sai yau na ga hoton nan," na ce. "Ita kuwa ta gan shi tun tuni. Ta san kyankyaso ne, kuma duk da haka muryarta ke karyewa. Rufe shagon."

"In masu aiki suka zo fa?"

"Kujerar za ta gaya musu ka fita. Ta saba zama ita kaɗai."

Muka kama hanya, yana gaba ina baya, yana tafe yana gunagunin waƙar, in ya zo wurin dukan sai ya tafa sau biyu ya waiwayo ya kalle ni. A matakalar gidanmu ya miƙo min hannu.

"Kawo in riƙe ki, kada a samu tsofaffi biyu a kwance."

"Riƙe numfashinka dai. Tun hawa na farko kake haki kamar wanda ya yi dako."

Ɗakin Ta Sama labule a sake, warin man zafi ya cika shi. Kwalaye jere a gefen bango, ɗan nata durƙushe yana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Sandar tafiya mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba ta tana lungu, an mayar da ita wurin rataye tawul. Ita kuwa ta dunƙule a gado kamar ƙunshin wanki, fuska a bango. Ɗan yana ɗan jin maganarmu, ya gaishe mu, ya nuna gadon da ido, ya girgiza kai.

"Kunna," na ce wa Maigida.

Ƙaho da ganga suka cika ɗakin. Muka zuba wa bayanta ido.

"Ƙara murya."

Ya ƙara. Waƙar ta kai ƙarshe. Abin da ta yi kawai, ta ja bargo ta rufe kunne.

"Wataƙila waƙar ce ta tsufa," in ji Maigida ƙasa-ƙasa, "kamar wasu."

"Kashe."

Na buɗe kwali ɗaya na zaro zanen gado. Na zauna a bakin gadon, na lalubo hannunta a ƙarƙashin bargo na cusa mata kunne ɗaya, na riƙe ɗaya. Na soma yadda ta koya min, a hankali, ba ƙaho ba ganga. Maigida ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. Na zo wurin ja, shiru. Na zo wurin kaɗawa, sai na ji zanen ya motsa a hannuna sau biyu, kamar kifi ya taɓa ƙugiya.

Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta juyo. Ta rame, idanu sun faɗa. Ta kalle ni, ta kalli wayar da ke hannun Maigida, ta yafito shi da yatsa. Ya kunna mata hoton, ta kai shi dab da hancinta ta kalla, ta sa ya maimaita. Daga nan ta shiga yi wa ɗanta magana, doguwa, murya a dishe. Ɗan ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Ta ce, suna yara, talabijin ɗaya ce a layinsu, a tagar wani mai shago. In an sa wannan, sai su rugo gida su yi. Ƙaninta shi ne kyankyaso, ita ce mai silifa. Uwarsu tana dariya har ta zauna a ƙasa." Ya kalli uwar tasa. "Ƙanin ya rasu. Uwar ta rasu. Gidan ma babu shi. Ni ban taɓa sani ba."

Na juya na kalli Maigida. "Ka ji ko? Uwa. Na ce maka da uwa a ciki."

"Kin ce da jirgi."

"Daga ƙasarsu da ƙafa aka ce maka ta zo?"

"Bakin ruwan fa?"

"Kicin ɗin ba famfo?"

Ta Sama ba ta jin abin da muke cewa, amma idonta na kan Maigida. Ta dube shi daga gemu har ƙafa, ta dawo daga ƙafa har gemu. Sai ta nuna shi da yatsa, ta nuna ƙasa.

"Me take nufi?"

"Ka sani sarai. Kwanta."

"Kaka!" In ya ce min Kaka, to ruwa ya kai masa wuya. "Farar riga ce. Da safen nan matata ta goge ta."

"Ni ce mai wanki. Kwanta."

"Ina da 'ya'ya fa. Ana ce min Injiniya."

"Kyankyason ma da 'ya'yansa."

"To ga ɗanta nan, jininta!"

Ta Sama ta gane inda ya nuna. Ta kalli ɗan nata, ta kumbura kumatu ta buɗe hannuwa, ta girgiza kai. Ta sake nuna Maigida, ta miƙar da yatsu biyu sirara tana wutsil-wutsil da su.

"Ta ce shi ya yi ƙiba, kai ka fi kama. Ƙafafun ma ba sai an yi maka ciko ba."

"Yaushe kika fara jin yarenta?"

"Wannan ai ido ma ya isa."

Ya kalli silin, ya kalli ƙofa, ya ajiye wayar a kan kwali. "Duk wanda ya ji wannan a waje, na sake ki."

"Sau nawa? Kwanta."

Ya kwanta rigingine a gefen gadon, ya ɗaga ƙafafu da hannuwa. Na ciro silifarta daga ƙarƙashin gado na ba ta, na soma waƙa. Ta kifo daga kan gadon, da muka zo wurin sai tas, tas, a cinyarsa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta kamar tari, ashe dariya ce da ta daɗe ba a taɓa ta ba.

"To an yi, an gama," in ji shi, zai tashi.

Na taka masa gefen riga. "Matsa."

"In matsa ina?"

"Can wajen ƙofa. Ka taɓa ganin kyankyason da ya zauna a dake shi?"

Ya kalle ni daga ƙasa. Ya kalli tazarar da ke tsakanin gado da ƙofa, ya sake kallona. Ya ja baya da baya yana wutsil-wutsil har bakin ƙofa, ya tsaya can yana kaɗa mata gemu, har da gwalo.

Ta miƙa hannu, bai kai ba. Ta ƙara miƙawa, bai kai ba. Ta faɗi wata kalma da na sani tun ranar da muka fara kayar da zane. Sai ta yaye bargon. Ƙafa ɗaya ta sauko, ta tsaya tana laluben siminti, ɗayar ta biyo. Ɗan ya zabura zai kama ta, ta make masa hannu da silifa. Kafaɗata ta damƙa, farcenta har cikin tsoka.

Na ja waƙar a hankali, a hankali ƙwarai. Wurin ja, ta ja ni, ta miƙe, jikinta na karkarwa kamar zane a igiya. Wurin takowa, ta tako. Ɗan ya jawo kwali yana buga mana da tafin hannu, hawaye na bin gemunsa. Ta ƙara taku, ta ƙara, ta saki kafaɗata.

Tas! Tas!

"Wayyo! Wannan ce marar lafiyar? Hannun nan ai na maƙeri ne!"

"Shure-shure, Maigida. Ba a ganin ƙafar hagu."

"Ita ta daka! Amarya, gaya mata an fesa min! Gaya mata na mutu!"

"Ba na jin yarenta."

"Yanzun nan kika gama fassara min ƙafafuna!"

"Yaren ya gudu. Mu waƙa kawai muka iya, kuma ba ta ƙare ba."

Ɗan ya tashi daga kan kwalin da yake bugawa, ya buɗe shi, ya zaro butar shayi da ya riga ya naɗe, ya warware jaridar ya jona ta a wuta. Ya zaro kofuna huɗu ya jera a kan tebur.

"Na bi!" Maigida ke ihu, dariya ta hana shi tashi, farar riga ta zama abin tausayi. "Wallahi na bi! Muryarki ta fi ta kowa, kakana ya yi dace, waya ce ba ta da kunne! Ki ce ta ajiye makamin!"

Ta Sama tana tsaye a kansa da ƙafafunta biyu, tana haki. Ta gyara riƙon silifa, ta juyo ta ɗaga min haɓa.

Na gyara murya.